An Yanke wa Maigida Ƙafa, Ya Daina Kula Kowa: In Kai Shi Gida ko Yaba?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, muna zaune a Agege da maigidana da yaranmu. Dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12, a cikinta ya yi ƙuruciyarsa. Ya daɗe da ciwon suga, to bara ƙusa ta soke shi a ƙafa, gyambo ya ƙi warkewa, har dai wata biyu da suka wuce likitoci suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Wurin yana warkewa, alhamdu lillahi, amma mutumin da aka sallamo mana ba shi ne wanda muka kai ba. Ko ƙofar ɗaki ba ya leƙawa. In abokan kasuwa sun zo dubiya sai ya ce a ce yana barci. Kullum zancensa ɗaya ne: da ya je asibiti da wuri, da bai saurari mai maganin gargajiya ba, nawa aka kashe, wa zai aurar masa da 'ya'ya. Abu kaɗan sai faɗa. Wata rana ya ƙi abinci, wata rana ya ƙi allura. Da dare yana cewa yatsun ƙafar da aka yanke suna masa zugi, shi ya sa yayarsa ta ce jifa ne, a mai da shi gida Aliero a nema masa magani. Ƙaninsa ya ce rashin tawakkali ne kawai. Wata nas maƙwabciyarmu ta ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, da ya ji sai ya ce wato mahaukaci muka mai da shi. Ni da ƙaninsa mun karɓe komai don ya huta, wayarsa ta kasuwa ma tana hannuna. Amma in autarmu ta shiga wurinsa yakan yi dariya, kuma ranar da ya ji ana cewa albasa ta tashi sai da ya tambayi nawa buhu. Anti, me ke damun mijina? In kai shi gida ko in kai shi Yaba?

Wata baiwar Allah, daga Agege

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan jinya. Bari in fara da amsar da kika nema, sannan mu zauna mu warware. Yanzu dai kada ki kai shi Aliero, kada kuma a ɗauke shi cak a nufi Yaba da shi alhali yana turjewa. Wurin da za ki fara zuwa shi ne gaban likitan da yake duba sugansa da ƙafarsa. Abin da za ki fara yi a gida kuwa, tun kafin ranar asibiti, shi ne ki mayar masa da wayarsa.

Likita ne kaɗai da ya zauna da shi zai yanke hukunci, amma abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da wani hali da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani sarai, wato mutum ya kasa sabawa da babban sauyin da ya faɗo wa rayuwarsa. Ana yawan ganinsa a wurin marasa lafiya: wanda aka gaya wa yana da ciwon daji, wanda aka ɗora a kan wankin ƙoda, wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, wanda ya rasa wata gaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a cikin kundin cututtukanta, bugu na 11 da ya fara aiki a watan Janairun 2022, kuma alamomi biyu ta kafa shi a kansu. Ta farko, tunanin mutum ya maƙale a kan abin da ya faru da abin da zai biyo bayansa, yana ta juya shi dare da rana. Ta biyu, wannan tunanin ya hana shi komawa harkokinsa, ya taɓa aikinsa da zamansa da iyali da mutane. Yakan bayyana cikin wata guda da aukuwar abin, kuma yawanci yakan lafa cikin wata shida, sai fa in abin da ya jawo shi yana nan bai kau ba. Ki riƙe wannan sharaɗin na ƙarshe, domin ƙafa ba ta tsirowa, suga kuma ba ya barin mutum. Saboda haka ba za mu naɗe hannu mu ce lokaci zai yi maganin abin ba.

Wani zai ce, to ai duk wanda aka yanke wa ƙafa dole ya yi baƙin ciki, ina abin zuwa wurin likita? Gaskiya ne, kuma da na ji ya farka daga tiyata yana raha kamar ba abin da ya faru, da na fi damuwa. Baƙin ciki haƙƙinsa ne. Inda abin ya ƙetare iyaka shi ne inda ya fara cin lafiyarsa: ƙin abinci, ƙin allura, kulle kai wata biyu. A ɗaya gefen kuma, abubuwa biyun da kika ambata a ƙarshen wasiƙarki, waɗanda na san kin rubuta su ne kamar ba su da muhimmanci, su suka fi kwantar mini da hankali. Mai tsananin ciwon damuwa, irin wanda ke danne mutum kusan kullum, kusan duk yini, mako biyu ko fiye, ba kasafai dariyar yaro ke motsa shi ba, kuma farashin buhu ba ya gabansa. Maigidanki har yanzu kunnensa yana kasuwa. Ki gaya wa likita waɗannan abubuwa biyu kamar yadda kika gaya mini, za su taimaka masa wajen rarrabewa. Sai dai wannan hali yana iya zurfafa ya zama ciwon damuwa sosai, kuma masu ciwon suga sun fi sauran mutane saurin kamuwa da shi, shi ya sa nake so a sa ido.

Dalilin da ya sa na ce a fara da likitan suga shi ne, jiki da kansa yana iya haddasa rabin abin da kike gani. Mutumin da aka yi wa allurar insulin sannan ya ƙi cin abinci, sugansa zai faɗi, kuma faɗuwar suga tana zuwa da saurin fushi, gumi, karkarwa, bugun zuciya da ruɗewa. Ki lura da lokutan da faɗan ke tashi. In kuna da na'urar awo a gida, ki auna a daidai lokacin. In ta nuna ƙasa da 70 kuma yana cikin hayyacinsa, a ba shi ruwan sukari ko rabin kofi na lemon kwalba mai zaƙi, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. In ya sume, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti. Suga in ya hau sosai shi ma yana kawo kasala da nauyin jiki. Haka ƙarancin jini bayan tiyata, haka raunin ƙoda wanda ke bin masu daɗaɗɗen ciwon suga, haka ƙwayoyin cuta in sun shiga wurin ɗinki. Ki roƙi likita ya duba waɗannan, ki kuma tambaye shi baki da baki yadda za ki yi da allura ranar da maigida ya ƙi cin abinci. Kada ki rage ko ki ƙara da kanki. In kuwa wata rana kika ga ya rikice farat ɗaya, bai san inda yake ba, yana ganin abin da babu, musamman da zazzaɓi, wannan ba zancen damuwa ba ne, asibiti za a nufa a daren.

Zugin yatsun da babu su, wanda ya tayar wa yayarsa hankali, ba jifa ba ne. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa suna jin haka, a Legas da Sakkwato da Ingila duk ɗaya. Ƙafar ta tafi, amma jijiyoyin da ke kai saƙonta suna nan a dungulmin, kuma ɓangaren ƙwaƙwalwa da ya shekara arba'in da wani abu yana kula da wannan ƙafa bai daina aiki ba. Sai mutum ya ji ƙaiƙayi a tafin da aka riga aka binne, ko zafi kamar wuta a babban yatsa. Ciwo ne na gaske, ba raki yake yi ba, kuma akwai magungunan ciwon jijiya da likita ke rubutawa, akwai kuma dabarun da ma'aikatan gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti ke koyarwa, har da wata da ake yi da madubi. Ga mutane da yawa yana raguwa da tafiyar lokaci. Ki gaya masa wannan yau, domin ina kyautata zaton shi kansa yana kwana da tsoron ko dai kansa ne ya fara taɓuwa, kuma wannan tsoron na cikin abin da ya sa sunan Yaba ya ƙona masa rai. Yayarsa kuma a bi ta da lalama. Ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa. A karɓi addu'arta hannu bibbiyu, amma kada a bari a shafa wa dungulmin wani haɗi, kada a yi masa tsaga, kada a ba shi jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Ƙodar mai suga ba ta da ƙarfin wannan gwaji.

Maganar ƙaninsa ta fi ba ni haushi, don ta fi ciwo. Mutum yana kwance da ƙafa ɗaya, a zo a ƙara masa da cewa imaninsa ma da saura. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya isa ya ce ba shi da tawakkali. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Na san za a kawo masa labarin Urwatu ɗan Zubairu, malamin Madina da aka yanke wa ƙafa ya yi haƙuri ya gode wa Allah, in ma ba a riga an kawo ba. Labari ne mai kyau in mutum ya nemi jinsa da kansa. In aka maƙa masa shi don a rufe masa baki, abin da zai ji kawai shi ne ya gaza. Ki samu ƙanin nasa a gefe, cikin girmamawa, ki ce masa Yaya ya fi bukatar a zauna kusa da shi a yi shiru a kan a yi masa wa'azi. In akwai malamin da maigida yake jin nauyinsa, wanda ya san yadda ake magana da mara lafiya, shi ya dace ya zo, ya tuna masa cewa sallar zaune ga wanda ba zai iya tsayuwa ba cikakkiyar salla ce, ya kuma nuna masa yadda zai yi da alwala. Maza da yawa wannan yana damunsu, kunya ce ke hana su tambaya.

Yanzu ga zancen waya, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Ki duba abin da mijinki ya rasa cikin wata biyu. Ƙafa ɗaya ce a ciki. Mutum ne da tun kafin asuba wayarsa ke ruri, direba yana cewa ya wuce Ilori, manomi daga Kebbi yana tambayar ko ya ɗoro kaya, matan Yarbawa masu sari suna jiransa ya yanke farashi. Kalmarsa ɗaya tana tsayar da ciniki a Mile 12. Kuma kin fi ni sanin abin da zaman Legas yake nufi ga mutumin Arewa: nema ya kawo shi, darajarsa a gida tana rataye da abin da yake aikawa da salla da azumi, kuɗin haya na shekara yana jiransa, ba gona a bayan gida, ba rumbu. Rana ɗaya ya farka, ƙaninsa ke karɓar kira, matarsa ke biyan kuɗin makaranta, ana magana ƙasa-ƙasa a tsakar gida, in ya tambaya a ce masa kai dai ka huta, Alhaji. Kun yi haka ne don tausayi, na sani, kuma a makon farko daidai ne. Amma a wata na biyu, abin da wannan hutun yake gaya masa shi ne gida da kasuwa duk suna tafiya ba tare da shi ba. To me zai tashi ya yi? Sai ya kwanta ya ci gaba da lissafin da na sani, tunda shi kaɗai aka bar masa.

Dillanci da baki da amana ake yinsa. Ba da ƙafa yake sanin albasar da za ta jure ajiya da wadda za ta ruɓe a hanya ba. Ki kai masa wayar, amma kada ki ce ga ta don ta ɗebe maka kewa, zai gane magani ake ba shi. Ki je masa da matsala ta gaske. Ki ce wane ya kira a kan kuɗin da yake binmu, ni ban san yadda kuka yi ba, ka yi masa magana. Ƙaninsa ya riƙa shigowa da yamma da littafin ciniki, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, ya ba shi bayanin abin da ya shigo da abin da ya fita, ya nemi izininsa kafin ya sayar. Ko da maigida ya ce ku yi yadda kuka ga dama, gobe a sake dawowa. Kuɗin cefane ya riƙa fita daga hannunsa. Yara in suna son wani abu, ki ce su je su tambayi babansu. Kada ku ɓoye masa asara ko bashi. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kasuwa yana jin warin ɓoye-ɓoye, kuma abin da zai ƙiyasta a ransa ya fi gaskiyar muni. Zai yi faɗa a kan yadda ƙaninsa ya sayar da araha. Ki bar shi ya yi. Wannan faɗan ya fi mini shirun nan sau dubu.

In ya fara zancen da na je asibiti da wuri, kada ki yi saurin cewa ƙaddara ce, a bar maganar. Ya ji wannan daga bakin kowa, shi ya sa yake ta maimaitawa, don ba wanda ya tsaya ya saurara har ƙarshe. Ki zauna sau ɗaya ki bar shi ya zazzage duka, har da kuka in ya zo, ba tare da kin gyara masa zance ba. Sannan akwai gaskiyar da za ta rage masa nauyi: daɗaɗɗen ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, yana kuma rage gudun jini, shi ya sa mai suga zai taka ƙusa bai ji zafin da zai kai shi asibiti ba, rauni kuma ya ƙi warkewa. Ba shi ne na farko da hakan ta yaudara ba. Bayan ya huce, sai ki karkato da shi daga abin da ya wuce zuwa abin da ke hannu, ɗaya bayan ɗaya. Tambayar wa zai aurar da 'ya'yana ta fi ƙarfin dare ɗaya. Tambayar nawa muke da shi, nawa ake binmu, yaushe haya za ta ƙare, wannan tana da amsa a takarda. Irin aikin da masana halayyar ɗan'adam suke yi da masu wannan matsala ke nan, kuma shi ne babban maganinta: zama a yi magana, a rarraba babban tsoro zuwa ƙananan matsaloli da za a iya kamawa.

Akwai kuma dalilin da ya sa zaman ɗakin nan ba zai ci gaba ba ko don ƙafar kanta. An bar masa gwiwarsa, kuma wannan babbar sa'a ce, domin wanda aka yanke daga ƙasan gwiwa ya fi wanda aka yanke daga cinya sauƙin tafiya da ƙafar roba nesa ba kusa ba. Amma in ya wuni zaune da gwiwa a lanƙwashe, ko ana sa masa matashi a ƙarƙashinta, tana iya ƙagewa ta ƙi miƙewa, sa ƙafar roba kuma ya yi wuya. Dungulmin yana bukatar naɗi irin wanda ma'aikatan asibiti za su nuna miki don ya yi siffar da za ta shiga ƙafar, jikinsa kuma yana bukatar motsi. Ki nemi a tura ku sashen gashi, ki kuma tambayi yaushe za a fara zancen awon ƙafa. Asibitin ƙashi na ƙasa da ke Igbobi yana da sashen da ke yin wannan aiki. Ki tambayi kuɗin tun yanzu don a fara tanadi, shi kuma ya san akwai ranar da ake dosa. In da hali, ki roƙi ma'aikatan gashi su haɗa shi da wani da aka yanke wa ƙafa wanda ya koma sana'arsa. Rabin awa da irin wannan mutum, ya ga ya shigo da ƙafafunsa ya ɗage wando ya nuna masa, ta fi duk abin da ni da ke za mu faɗa. Ɗayar ƙafar kuma a riƙa duba ta kullum, har tsakanin yatsu, kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a cikin ɗaki.

Masu dubiya, ki daina shigo da su rututu. Ba mai son a zagaye shi ana sannu, sannu, idanu na satar kallon inda zane ya faɗa. Ki tambaye shi mutum ɗaya da yake so ya gani, aminin da zai zo ya yi masa gulmar kasuwa ba jaje ba. Daga nan sai kujera a ƙofar gida bayan la'asar, sai masallacin unguwa in an samu sanda ko keke. Na san lungunan Agege da kwatocinsu, ga damina in ta sauka, ga hawa motar haya ta danfo da ko mai ƙafa biyu sai ya yi da gaske. Kasuwa za ta jira. Ranar da zai fara komawa, a ɗauko masa shatar mota, ya je da rana bayan an rage cunkoso, ya zauna awa ɗaya ya dawo.

Abin da nake roƙonki da babbar murya: kada ki je kemis ki sayo masa maganin barci ko na kwantar da hankali, irin su diazepam, kada kuma wani ya kawo masa tramadol da sunan maganin zugi. Suna kama mutum, kuma mai koyon tafiya da sanda in jiri ya ɗebe shi ya faɗi a kan ɗinki, an koma baya. Wannan hali ba kasafai yake bukatar ƙwaya ba. In likita ya ga ya zama ciwon damuwa sosai, shi zai zaɓi maganin da ya dace da mai suga da ƙodarsa.

Nas ɗin nan ba ta yi laifi ba, ta dai yi gaggawar ambaton suna. Asibitin Yaba tun 1907 yake, lokacin da ake kulle mutane ne kawai, kuma wannan hoton ne ya zauna a kan jama'a har yau, duk da cewa yanzu akwai sashen da mutum zai ga likita ya koma gidansa a ranar. Dokar ƙasa ma ta sauya: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma ba sai an je can ba. Asibitin koyarwa na Idi-Araba da na jiha da ke Ikeja duk suna da likitocin wannan fanni a cikin harabar da ake duba suga da hawan jini, kuma likitansa yana iya tura shi a matsayin wani ɓangare na jinyar ƙafa. Ki samu likitan ke kaɗai minti biyu kafin a shiga da shi, ko ki rubuta a takarda ki miƙa, domin layi yana da tsawo, kuma in an tambayi maigida ya jiki, alhamdu lillahi kawai zai ce. In Turanci ko Yarbanci zai ba shi wahala wajen faɗin abin da ke ransa, a je da wanda ya yarda da shi ya yi tafinta, ba ɗansa ƙarami ba.

Akwai alamomin da in kin gan su ba a jiran ranar asibiti. In ya fara cewa gara ya mutu, ko ya zame muku kaya, ko za ku huta ba da daɗewa ba. In ya fara rabon kayansa da yin wasiyya ba gaira ba dalili. In ƙin allura da abinci ya zama na kullum da gangan. In dariyar nan da autarku ke sa shi ta ɗauke gaba ɗaya. Wannan hali, duk da ana ganinsa kamar mai sauƙi, yana iya kai mutum ga tunanin hallaka kansa, kuma kasancewarsa mai salla ba ya hana tunanin zuwa. Ki tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, ku biyu: Alhaji, ko ranka yana raya maka ka cutar da kanka? Tambayar ba ta dasa wa mutum tunanin. Sau da yawa sauƙi take kawowa, don an buɗe masa ƙofar da ya kasa buɗewa. In ya amsa da e, ko ya yi shirun da bai kwanta miki ba, kada a bar shi shi kaɗai, ki kawar da maganin ƙwari da duk wata guba daga gidan, magungunansa da allurarsa su koma hannunki, a kai shi sashen gaggawa a ranar. Lambobin agajin gaggawa na Legas su ne 112 da 767. A irin wannan rana ko Yaba ce ta fi kusa, a tafi, fushinsa ya biyo baya.

Aliero kuwa lokacinta zai zo. Ganin dangi da iskar gida suna da daɗi, amma fayil ɗinsa yana nan, likitocin da suka san ƙafar suna nan, sana'arsa tana nan. In aka kwashe shi yanzu, a idonsa an rufe littafinsa na Legas ke nan, ya koma gida hannu rabbana a ajiye shi a zaure. Ku bari ya je da kansa, ziyara, lokacin da shi ya ce yana so. In kuma bayan ya dawo hayyacinsa ya zauna ya yi lissafi ya ga komawa gida ta fi masa, wannan shawararsa ce, sai a nemi takardar tura shi asibitin da zai ci gaba da duba shi a can.

Saura ke. Ba ki ce komai a kan kanki ba a duk wasiƙar, alhali ke ce mai wanki, mai girki, mai allura, mai shan faɗa. Haƙuri da mara lafiya ibada ce, amma zagi ko duka ba sa cikin jinya. In ya wuce gona da iri ki gaya masa a lokacin da ya huce, in bai ji ba ki sa babba a ciki. Ki samu wata 'yar'uwa ta karɓe ki ko yini ɗaya a mako, ki fita ki ga mutane, ki yi barci. Akwai kuma abin da ba a rubutawa a wasiƙa amma na san yana nan. Namiji da aka yanke wa gaɓa yakan ji tsoron matarsa ta daina ganinsa a matsayin miji, ga shi suga kansa yana rage wa maza ƙarfi, wanda shi ma abin gaya wa likita ne, ba na sayen maganin bakin titi ba. Kada ki ƙaurace wa shimfiɗarsa da sunan kada ki fama masa ciwo. In kin zo naɗa dungulmin, ki yi shi da sakin fuska, kina hira, kada ki kau da kai.

Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ki gaya mini abin da awon jini ya nuna da abin da aka ce game da ƙafar roba. Ki gaishe da maigida da jiki.